Sifar dogaro ta gama-gari da liƙaƙƙiyar sifa a WPF: ina bambancin yake?

SabonShiga22:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon WPF, wato tsarin Microsoft na gina fuskar manhajojin Windows, kuma akwai wurin da ya ɗaure mini kai. Sifar dogaro (dependency property) ta gama-gari, irin Width ko Content na maɓalli, da DependencyProperty.Register ake yi mata rajista. Liƙaƙƙiyar sifa (attached property) kuwa, irin Grid.Row ko Canvas.Left, da RegisterAttached. To amma duka biyun abu ɗaya suke dawo da shi, wato DependencyProperty, duka kuma da SetValue ake sa musu ƙima, da GetValue ake karantawa. Har gwaji na yi. Na ƙirƙiri sifa da Register a cikin wani aji nawa, na je na kira SetValue da ita a kan TextBlock da bai haɗa komai da ajin ba. Ya karɓa ba musu, da na karanta kuma ƙimar ta dawo daidai. Idan haka ne, mene ne amfanin RegisterAttached? Ni a ganina bambancin bai wuce na rubutu ba, ɗaya da ɗigo, ɗaya babu. Masana ku warware mini.

Injiniya_Mai_Gemu:
Wa alaikumus salam. Ta gama-gari mallakar ajin da ya haife ta ce, shi da zuriyarsa. Liƙaƙƙiya kuwa aji ɗaya ne yake yi mata rajista, amma a jikin wasu ake ajiye ta. Maɓalli bai san komai game da layukan Grid ba, wato panel ɗin da ke jera kaya layi-layi da shafi-shafi, kuma bai kamata ya sani ba. Grid ne yake bin 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya lokacin da zai jera su a allo, ya tambayi kowa layin da aka rubuta masa. Kamar tikitin kujera ne a jirgi: a aljihun fasinja yake, amma ma'aikatan jirgi ne suke karanta shi su san inda za su zaunar da shi.

SabonShiga22:
Na gode Injiniya, wannan na fahimta. Amma tambayata tana nan daram. Me zai hana Grid ya yi wa Row rajista da Register, ya ci gaba da karantawa daga 'ya'yansa? Ai na nuna SetValue ba ta tankawa.

Hajiya_Kod:
Ƙanena, gwajinka daidai ne, rabinsa kawai ka yi. Koma ka ƙara wa sifar nan aikin da ake kira idan ƙima ta canza, wato PropertyChangedCallback, ka sa masa wurin tsayawa (breakpoint), sannan ka sake sa ƙimar a kan TextBlock ɗin. Za ka ga ba a kira shi ba. Canza Register zuwa RegisterAttached, kada ka taɓa komai bayan wannan, sai ka ga an kira shi nan take.

Dalilin yana cikin kod ɗin WPF kansa, kuma tun da aka buɗe shi ga kowa a ƙarshen 2018 kana iya zuwa GitHub ka buɗe DependencyProperty.cs ka gani da idonka. Register tana ɗaukar bayanan rajistar (metadata) da ka ba ta, ta zare ƙimar asali kaɗai ta mayar da ita ta kowa da kowa. Sauran, wato aikin canji da na tilasta ƙima da tutocin da ka ɗaga, sai ta ɗaura su a kan ajin mai sifar ta hanyar OverrideMetadata. Shi da masu gadonsa ne kawai suke samun su. RegisterAttached kuwa tana ɗaukar bayanan dungurungum ta ce waɗannan su ne na kowane DependencyObject. Ma'ajiyar ɗaya ce, shi ya sa SetValue ba ta hana ka ba. Abin da ya bambanta shi ne wanda bayanan rajistar suke aiki a kansa.

Kuma kada ka raina wannan. Idan ka canza Grid.Row na maɓalli manhaja tana cikin aiki, wannan aikin canjin ne yake sanar da Grid cewa lissafinsa ya tsufa, ya sake awo. Da babu shi, lambar za ta canza a ma'ajiya, maɓalli kuma ya yi zamansa inda yake.

Ɗan_Csharp:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: aikin tantance ƙima, ValidateValueCallback, ba ya cikin bayanan rajista, a jikin sifar kanta yake. Saboda haka shi kam yana aiki a kan kowa, ko da wacce hanya aka yi rajistar. Shi ne yake ƙin karɓar lamba ƙasa da sifili a Grid.Row.

SabonShiga22:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na gwada, haka ne, ba a kira shi ba sai da na canza. Amma har yanzu ina ganin ƙaramin bambanci ne, ba aji biyu na sifa ba.

Malam_XAML:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba tukuna, shi ne na XAML, yaren da ake rubuta fuskar manhaja da shi a WPF. Liƙaƙƙiyar sifa asalinta dabarar XAML ce, sifar dogaro kuwa dabarar WPF ce, sun haɗu ne a wuri ɗaya. Idan ka rubuta Grid.Row="1" a kan maɓalli, mai fassara XAML yana neman ayyuka biyu tsayayyu a ajin Grid, GetRow da SetRow. Idan ka rubuta Width="80" kuwa, sifa yake nema a ajin maɓallin ko na kakanninsa, mai get da set. Marufin da ka yi wa sifar, wato get da set ko irin su GetRow da SetRow, shi ne yake nuna yadda za a iya rubuta ta. Visual Studio ma gajerun hanyoyi biyu ya tanadar: rubuta propdp ka danna Tab sau biyu ka sami ta gama-gari, propa kuma ta ba ka liƙaƙƙiya.

Gargaɗi ga masu koyo, don wannan yana kayar da mutane da yawa: kada ka sa wani lissafi a cikin marufin nan, ko set ɗin ta gama-gari ko SetRow irin naka. A WPF, lokacin da ake loda XAML, ana tsallake marufin a kira SetValue kai tsaye. Ɗauri (binding) da salo (style) da motsi (animation) ma ba sa bi ta marufi. Duk abin da kake so ya faru idan ƙima ta canza, ka kai shi aikin canji.

Uwar_Gida_Dev:
Misalin da ya fi zama mini a kai shi ne DockPanel, don yana da iri biyun a aji ɗaya. LastChildFill ta gama-gari ce, magana ce a kan DockPanel ɗin kansa, guda ɗaya tak ga kowane panel. Dock kuwa liƙaƙƙiya ce, kowane ɗa da tasa: wannan sama, wancan hagu. Da a ce Dock ta gama-gari ce, a ina za a ajiye amsoshi goma na 'ya'ya goma? Sai dai DockPanel ya riƙe wani jadawali a ciki, ko kuma a cusa wa kowane kwantirol a duniya sifa mai suna Dock, da Row, da Column, da Left, da Top. Duk wanda ya ƙirƙiri sabon panel kuma sai ya nemi a gyara masa ajin UIElement. Wannan ba mai yiwuwa ba ne.

Mai_Tambaya_01:
Ina neman taimako tunda ana kan batun. Ina da ItemsControl, na mayar da panel ɗinsa Canvas, na sa Canvas.Left da Canvas.Top a cikin DataTemplate na ɗaure su da bayanaina. Komai ya taru a kusurwar sama ta hagu, ɗaya kan ɗaya. Babu wani saƙon kuskure. Me ke faruwa?

Injiniya_Mai_Gemu:
@Mai_Tambaya_01, Canvas 'ya'yan cikinsa kawai yake tambaya, ba ya tambayar jikoki. ItemsControl yana naɗe kowane abu a cikin ContentPresenter, shi ne ɗan Canvas na gaskiya, abin da ke cikin DataTemplate kuwa jika ne. Kai sifofin biyu cikin ItemContainerStyle, ka sa su a matsayin Setter, TargetType ya zama ContentPresenter. Rashin saƙon kuskure kuma ɗabi'ar liƙaƙƙiyar sifa ce. Sa Canvas.Left a kan maɓallin da ke cikin Grid, za a ajiye ƙimar lafiya lau, babu dai mai karantawa.

Mai_Tambaya_01:
Ya yi! Na gode ƙwarai, Injiniya.

Baƙon_Dare:
Ni ban yarda da wannan bayanin na uwa da 'ya'ya da ake ta maimaitawa ba. Yana sa mai koyo ya ɗauka duk liƙaƙƙiyar sifa ta jeren kaya a allo ce. ToolTipService.ShowDuration fa? Wace uwa ce take karanta ta? AutomationProperties.Name fa, wadda manhajojin karanta allo ga makafi suke dogara da ita? SpellCheck.IsEnabled? FocusManager.FocusedElement? Waɗannan duka wani sashe ne na tsarin yake ajiye bayaninsa a jikin kwantirol. Har akwai wadda ta juya lamarin baki ɗaya: kana sa ScrollViewer.VerticalScrollBarVisibility a kan ListBox, alhali ScrollViewer ɗin a cikin samfurin (template) ListBox yake. A nan na ciki ne yake ɗauko ƙima daga na waje. Ga kuma Validation.HasError, wadda ba ka isa ka sa mata ƙima ba, tsarin ɗauri ne yake sawa, kai karantawa kawai za ka yi. Da RegisterAttachedReadOnly ake yin irinta.

Injiniya_Mai_Gemu:
Gaskiyarka, ɗan'uwa. Na fara da Grid ne don shi kowa ya fara gani.

Hajiya_Kod:
Maganar Baƙon_Dare ta kawo mu wani bambanci da za a iya taɓawa da hannu. ToolTipService da AutomationProperties ajujuwa ne tsayayyu, ba a ƙirƙirar abu daga cikinsu, ba su kuma gaji DependencyObject ba. RegisterAttached ba ruwanta da wannan. Amma gwada kiran Register da bayanan rajista a cikin irin wannan aji, manhajar za ta faɗi tun wajen rajistar, saboda OverrideMetadata ba ta karɓar ajin da bai fito daga DependencyObject ba. @SabonShiga22, ka ga ashe ba ɗigo kaɗai ba ne.

Ɗan_Csharp:
To FontSize fa, wane gida take? Kana rubuta FontSize="18" a kan maɓalli kamar ta gama-gari, kana kuma iya rubuta TextElement.FontSize="18" a kan StackPanel wanda ba shi da wannan sifar sam, duk rubutun da ke ƙarƙashinsa ya girma. Amsar ita ce sifa ɗaya ce tak. TextElement ne ya yi mata rajista a matsayin liƙaƙƙiya, sai Control da TextBlock suka shiga mallakarta da AddOwner, kowa ya yi mata marufi irin na gama-gari. Haka ToolTip na FrameworkElement, daga ToolTipService aka aro ta. Shi ya sa a wani fannin ina tare da mai tambaya: katangar da ke tsakanin biyun ba ta da kauri yadda littattafai suke nunawa.

Malam_XAML:
Kuma dalilin da ya sa aka yi FontSize haka shi ne gado. Idan kana so ƙima ta gangaro daga sama zuwa ƙasan bishiyar kwantirol, kana ɗaga tutar Inherits a FrameworkPropertyMetadata. Tsakanin taga da rubutun da ke can ƙasa akwai Border, akwai Grid, akwai ContentPresenter, ajujuwan da ba su san sifarka ba. Idan da Register ka yi, tutar tana kan ajinka kaɗai, kamar yadda Hajiya ta bayyana. Takardun Microsoft da kansu sun ba da shawarar a yi amfani da RegisterAttached ga duk sifar da ake so a gada, don in ba haka ba babu tabbacin yadda gadon zai ratsa wasu iyakoki.

Baƙon_Dare:
DataContext da Register aka yi ta, kuma ana gadonta.

Malam_XAML:
Haka ne, amma duba inda aka yi rajistar: a FrameworkElement, kakan kusan duk abin da ke cikin bishiyar, sannan FrameworkContentElement ya shiga mallakarta. Babu gibin da za a tsallaka. Kai da kake rubuta naka kwantirol ba ka da wannan gatan.

Zee_UI:
Ni dai abin da ya fi ci mini lokaci da nake koyo shi ne baka, wato alamar ( ). A wajen ɗauri, idan liƙaƙƙiyar sifa kake nufi, dole ka sa ta cikin baka, misali Path=(Grid.Row). Idan ka bar ta tsirara, ana ɗauka kana neman sifa mai suna Grid, sannan Row a cikinta. Ba za a samu ba, manhaja kuma ba za ta faɗi ba, layi ɗaya kawai za ka gani a tagar Output. A Storyboard.TargetProperty ma sai ka sa bakan. Wani abu kuma game da motsi: ƙimar asali ta Canvas.Left ba sifili ba ce, NaN ce, wato "ba lamba ba". Idan ka yi DoubleAnimation mai To kaɗai a kan abin da ba ka taɓa sa masa Canvas.Left ba, zai faɗi, don babu lambar da zai tashi daga kanta. Sa masa From, ko ka rubuta Canvas.Left="0" tun farko.

Tsohon_Hannu:
Yara, wannan dabarar ta girmi WPF. WPF ta fito a 2006 tare da .NET Framework 3.0, amma tun a Windows Forms idan ka jefa ToolTip ko ErrorProvider a kan fom, sai ka ga sabuwar sifa ta bayyana a kan kowane kwantirol. Da IExtenderProvider ake yin wannan, sai dai a can mai ba da sifar ne yake riƙe ƙimomin a wurinsa. Abin da WPF ta canza shi ne ta mayar da ma'ajiyar jikin abin da aka liƙa wa. Kowane DependencyObject yana da ɗan jeri da yake ajiye ƙimomin da aka sa masa kaɗai, wadda ba a taɓa ba kuma daga bayanan rajista ake ɗauko ta. Tunda jerin ba ya tambayar asalin sifa, liƙawa ta zo kusan kyauta. Masu Android ma sun san matsalar, ita ce ta haifi duk waɗannan layout_ da suke rubutawa a kan ɗa alhali uwa ce take karantawa. QML na Qt shi ma yana da irinsu, Layout.row da ire-irenta.

Uwar_Gida_Dev:
Baba Tsohon_Hannu, tunda ka fita waje bari in ƙara. Wanda zai koma WinUI ko UWP ya sani Register da RegisterAttached suna nan, amma babu tilasta ƙima, babu tutar gado ga sifar da ka ƙirƙira, babu AddOwner. Kusan rabin abin da aka tattauna a sama na WPF ne kaɗai. A MAUI sunan BindableProperty.Create da CreateAttached. Avalonia kuma ta ba liƙaƙƙiya nata nau'in daban, AttachedProperty, har kana faɗin irin ajin da aka yarda a liƙa wa tun wajen rajista.

Kwamanda_MVVM:
Mu dawo kan abin da ake yi da su a aiki. Ni yawancin liƙaƙƙun sifofin da nake rubutawa ba na ajiye bayani ba ne, na ƙara ɗabi'a ne. Ina so TextBox ya zaɓi duk rubutunsa idan aka shiga cikinsa. Ba sai na gaji TextBox na canza shi a fuska hamsin ba. Ina yin aji tsayayye da sifa ɗaya ta i ko a'a, a aikin canjinta in kama GotFocus idan an kunna, in sake shi idan an kashe. Sai in sa ta a salo guda, duk akwatunan rubutu su samu. Wannan kuwa ba zai yiwu da Register ba, saboda ainihin dalilin da Hajiya ta kawo. A kula dai: aikin canji ba ya tashi sai ƙimar ta canza da gaske. Idan ƙimar asali i ce, ka sa i, babu abin da zai faru.

Baƙon_Dare:
Wannan hanyar ce take cika manhaja da yoyon memori, wato abin da aka gama da shi ya ci gaba da zama a memori. Na gaji wani aiki da aka cika da irin waɗannan, tagogi suna rufewa amma ba sa mutuwa.

Hajiya_Kod:
A yi adalci. Kama GotFocus na TextBox da aiki tsayayye ba ya riƙe TextBox ɗin, shi ne yake nuna aikin, ba aikin ne yake nuna shi ba. Yoyo yana zuwa ne idan aka ajiye kwantirol a cikin wani jadawali tsayayye, ko aka haɗa shi da abin da ya fi shi tsawon rai, ko aka yi amfani da AddValueChanged na DependencyPropertyDescriptor ba a cire ba. Idan ɗabi'arka tana buƙatar tuna wani abu game da kowane kwantirol, yi wata liƙaƙƙiyar sifa ta sirri ka ajiye a jikinsa, su mutu tare.

Tarkon da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙimar asali mai jeri. Ka sa new List a bayanan rajista, jeri ɗaya ne kowa zai raba. A ta gama-gari maganin mai sauƙi ne, ka sa sabon jeri a maginin ajin (constructor). Liƙaƙƙiya ba ta da magini a jikin wanda aka liƙa wa. Shi ya sa Interaction.Behaviors, ta cikin Microsoft.Xaml.Behaviors.Wpf, aka yi mata rajista da wani suna daban, ShadowBehaviors, don XAML ya rasa gajeriyar hanya ya bi ta GetBehaviors, a can ake ƙirƙirar jerin a karon farko.

Kwamanda_MVVM:
Ban taɓa sanin dalilin wannan sunan ba. Madalla.

Zee_UI:
To wanda ake yi wa PasswordBox fa? Password ba sifar dogaro ba ce, ba a ɗaure ta, sai mutane su yi liƙaƙƙiya su kwafe kalmar sirrin a ciki. Ni ban ga laifinsa ba a ƙaramar manhaja.

Tsohon_Hannu:
'Yata, da gangan aka hana ta zama sifar dogaro, don kada kalmar sirri ta zauna a fili cikin ma'ajiyar sifofi. Liƙaƙƙiyar da kike magana tana mayar da ita daidai inda aka guje wa. Ni ba na yi. Akwai SecurePassword, a karanta ta lokacin da aka danna maɓallin shiga.

SabonShiga22:
Na ƙaru sosai, Allah ya ƙara ilimi. Ga abin da ya kawo tambayar tun farko. Ina so maɓallaina su sami lanƙwasar kusurwa da zan iya canzawa, Button kuma ba shi da CornerRadius a WPF. In gaji Button in yi masa sifa ta gama-gari, ko in yi liƙaƙƙiya in karanta ta a cikin samfurin?

Kwamanda_MVVM:
Liƙaƙƙiya. Za ta yi maka aiki a Button da ToggleButton da TextBox gaba ɗaya, ba sai ka haifi ajujuwa uku ba. A cikin samfurin ka ɗaure Border da RelativeSource TemplatedParent, kada ka manta bakan da Zee ta faɗa.

Baƙon_Dare:
Ni gado zan yi. Lanƙwasar kusurwa siffar maɓallin ce shi kansa, ba bayanin wani ba ne da aka rataya masa. Liƙaƙƙiya kowa zai iya sa ta a kan Slider ko Image, ta zauna shiru, wanda ya zo bayanka ya rasa dalilin da ba ta aiki, irin abin da ya sami Mai_Tambaya_01 da Canvas.

Malam_XAML:
Ana iya rage wannan. Sa SetCornerRadius ta karɓi Control maimakon DependencyObject, kamar yadda Grid.SetRow take karɓar UIElement, sannan ka ɗora AttachedPropertyBrowsableForType a kan Get ɗin don tagar sifofi ta nuna ta inda ya dace kawai. Ba zai hana mai kiran SetValue kai tsaye ba, amma Image dai ta fita.

Baƙon_Dare:
Slider kuma Control ne, yana nan ciki.

Hajiya_Kod:
Ƙanena, kafin ka zaɓa, faɗa mana: maɓallan nan naka ne kai kaɗai, ko akwai na wani laburare da ka ɗauko waɗanda ba za ka iya canza ajinsu ba? Kuma samfurin Button ɗin ka riga ka sake rubuta shi, ko na asali kake amfani da shi? Don in na asali ne, ko wacce ka yi a cikin biyun babu Border ɗin da zai karanta ta.

SabonShiga22:
Na asali ne, Hajiya, ban taɓa samfurin ba tukuna. Kuma akwai maɓallai biyu na wani laburare a ciki. Bari in fara kwafo samfurin in ga yadda aka gina shi, zan turo abin da na samu.